Kwano Goma a Gindin Dutsen Zuma

Tun da na dawo daga Wagadugu ba a bar ni na sha shayi cikin natsuwa ba. Duk wanda ya zauna kusa da ni a teburin mai shayi na bakin tasha sai ya ce, “Haruna, wai da gaske ne mata ke tuƙa babur a can?” Na ba da amsa har bakina ya gaji. Shi ya sa na sayi littafin rubutu, na ce bari in zuba komai wuri ɗaya. Karatuna bai wuce allo da firamare ba, wanda ya ga kuskure ya yi mini uzuri. Akwai kuma abin da ban taɓa faɗa a teburin shayi ba, alhali shi ne babban abin da na gano a tafiyar. Zan faɗe shi a nan, don laifina ne.

Ni direba ne, ina jigilar ma'aikata daga Suleja zuwa Abuja da safe, in dawo da su da yamma. Ina da ƙane ɗaya, Salisu, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara shida kafin wannan tafiya magana ta fito a unguwarmu ta Wambai cewa yana neman maza. A lokacin ina cikin samarin da ke zama sahun gaba a masallaci, muna ganin mu ne muka fi kowa riƙon addini. Da liman ya yi huɗuba a kan zancen, bai ambaci suna ba, amma na ji idanun mutane a ƙeyata. Ana sallamewa na zo gida, na fitar da akwatin Salisu na jefa waje a gaban jama'a. Na rantse da Allah ba zai ƙara taka zauren gidanmu ba, kuma ba zan ƙara cin abin da hannunsa ya taɓa ba. Ya ɗauki akwatin ya tafi gindin Dutsen Zuma a kan hanyar Abuja, ya kafa rumfar abinci a bakin titi yana sayar wa direbobin manyan motoci. Sau biyu kullum nake wuce rumfar, in kawar da kai in kalli dutse.

Mahaifiyarmu, Inna, idonta ya yi rauni a waɗannan shekaru. Duk wanda ya yi motsi a zaure sai ta ɗaga kai ta ce, “Wa ya shigo?” Na san wanda take jira, na yi kamar ban sani ba.

Wanda ya kai ni tafiyar shi ne Malam Yakubu, mutumin Zariya da ke haya kusa da gidanmu, yana aiki a wani ofis na al'adu a Abuja. An tura shi bikin fina-finan Afirka da ake yi a Wagadugu, babban birnin Burkina, shi kuwa tsoron jirgin sama yake yi, kuma ba ya iya dogon tuƙi. Ya ce in tuƙa masa motarsa. Da na je yi wa Inna sallama da safe, ta laluba ta kama hannuna ta ce, “Ƙasa nawa za ku keta?”

Na ce, “Biyu, Inna.”

Ta ce, “Allah ya kiyaye hanya. Ƙasa biyu ba ta yi maka nisa ba, Zuma ce ta yi maka nisa.” Ta saki hannuna.

Muka bi ta Minna, muka wuce Tegina da Kwantagora. Lokacin wahalar mai ce, a Yawuri muka yi layin da ya cinye mana azahar da la'asar, sai a Jega muka kwana a gidan wani abokin Malam Yakubu. Washegari da sassafe muka isa boda a Kamba.

Abin kunya na farko a tsallaken boda ya same ni. Malam Yakubu ya shiga ofis da takardu, ni kuma na ɗauki buta zan zagaya. Sai na ji an busa ƙaho. Na ga mai tura baro ya tsaya cak, mai tallan ƙosai ta tsaya da tire a kanta, har wani mai keke ya diro ya ƙame. Na ɗauka wani babba ne zai wuce, na ci gaba da tafiyata. Wani jandarma ya daka mini tsawa da Faransanci. Ashe tuta ake ɗagawa, kuma a ƙasarsu in ana ɗaga tuta ko sauke ta, ko tuwo ne a bakinka sai ka dakata da taunawa. Na tsaya da buta a hannu, ruwa na ɗiga a kan takalmina. Da aka gama ya zo ya dube ni, ya juya harshe zuwa Hausa tsantsa, ya ce, “Kai daga ina?” Na ce Suleja. Ya ce, “Can ba ku da tuta?” Na ce muna da ita, amma ba mu san lokacin da take hawa ba. Ya yi dariya har ya dafa kafaɗata, ya ce in je in yi abin da ya fito da ni.

A Gaya muka karya kumallo. Aka kawo mini burodi dogo kamar taɓarya, mai tauri a baya. Na ce wa mai shayin ya canza mini, wannan na shekaranjiya ne. Ya ce, “Mushe, yanzu ya fito daga wuta.” Mushe shi ne malam a bakinsu. Ya tsaga shi ya shafa man shanu, ya haɗa mini kofi da madara mai kauri a kwanon sha. Na ci na ƙara. Har yau burodin garinmu ji nake kamar soso nake taunawa.

Tsakanin Dosso da Yamai na taka burki ba shiri, har tabarau ɗin Malam Yakubu ya faɗi. Raƙuman dawa ne guda huɗu suke ƙetare titi, a hankali, ba su ko dube mu ba. Ban taɓa ganinsu ba sai a littafin firamare. Babu shinge, babu mai gadi, ga manoma can suna harkarsu. Na ce Subhanallahi ya fi sau ashirin. Malam Yakubu ya ce, “Haruna, in ka gama tasbihi ka sa giya.”

Mun shiga Yamai da tsakar rana muka tarar da gari a rufe. Kantuna, ofisoshi, har mai faci ya kwanta a ƙarƙashin bencinsa. Na tambaya ko rasuwa aka yi, aka ce hutun rana ne, kullum haka suke yi har zuwa ƙarfe uku. Na tuna yadda muke dambe da rana a tashar Suleja, na rasa su ne masu hankali ko mu. Muka kwana, da safe muka haye doguwar gadar Kwara, muka nufi bodar Burkina. Daga nan Hausa ta fara ƙaranci, na koma magana da hannu. A garin Fada na nuna wata tukunya na ce a zuba, aka ɗora mini ɗanyen ganye da tumatir a kan shinkafa. Na tsince ganyen na ajiye gefe, mai abincin tana kallona kamar na zage ta.

Wagadugu kuwa, amsar tambayarku ita ce e. Mata na tuƙa babur, da ɗankwali da goyo da kwandon kayan miya, ɗaruruwansu, kuma in danja ta nuna ja kowa ya tsaya ko babu ɗan sanda. Malam Yakubu ya sauka a otal tare da manyan baƙi. Ni aka kai ni Zango, unguwar Hausawa, gidan wani dattijo mai suna Alhaji Bawa, tsohon falken goro ne da kakansa ya zo daga Katsina. Bai taɓa ganina ba, amma ya ba ni ɗakin zaure, ya ce baƙon Zango ba ya sayen abinci. Hausarsa ta gauraya da yaren Mosi, mutanen ƙasar, wani lokaci sai na ce ya maimaita.

Ban taɓa sanin baƙar fata na yin fim haka ba. Mu abin da muka sani a Suleja shi ne Indiya da Canis, sai kaset-kaset ɗin Kano da suka fara shigowa. A can gari gaba ɗaya silima ya zama. Layin shiga ya fi layin mai na Yawuri tsawo, tsofaffi da mata da masu kwat da masu tallan gyaɗa duk a layi ɗaya, ba turereniya. Malam Yakubu ya samo mini kati na rataya a wuya, ina shiga duk inda na ga dama. Na ga ƙauyuka irin namu a allo mai faɗin bangon masallacin Juma'a, fuskar tsohuwa ɗaya ta cika shi, kana iya ƙirga zanen da ke kuncinta. Ba waƙa, ba rawa, ba faɗa, amma mutum ɗari biyar su yi tsit. In an gama a kunna fitila, wanda ya yi fim ɗin ya fito gaba da kansa, kowa ya tambaye shi abin da yake so.

Rana ta huɗu Malam Yakubu ya ce akwai wani ƙaramin fim da Hausa, wani ɗan Damagaram ya yi, za a nuna bayan azahar. Na yi murna, na ce yau ba sai an fassara mini ba. Ƙaramin ɗaki ne mai fanka, ba irin manyan ba.

Labarin wani ladan ne mai suna Ila, mai daɗin murya, da abokinsa tela. Ba a nuna wani abin batsa ba. Abin da aka nuna kawai, telan yana ɗinke masa maɓallin riga alhali rigar na jikinsa, ya sunkuya ya yanke zaren da haƙori, suka dubi juna. Wata mai wucewa ta gani. Daga nan magana ta bi gari. Aka fara ware masa butarsa a masallaci. Sai wanda ke kusa da shi a sahu ya janye ƙafa, ya bar gurbi. Sai liman ya yi huɗuba bai ambaci suna ba. Sai aka karɓe makullin ɗakin lasifika daga hannunsa. Duk waɗanda suka yi masa haka ba mugaye aka nuna su ba, mutane ne masu fara'a, masu sadaka, irin waɗanda muke gaisawa da su kullum. Wannan ne ya fi ba ni tsoro.

Ranar da samari suka biyo shi da duwatsu bayan sallar Juma'a, ya ruga gidansu. Wansa na tsaye a zaure. Ya hango shi tafe, ya tura ƙofa ya rufe, ya jingina bayansa da ita. Ba a nuna mana waje ba, ba a nuna fuskar wan ba. Bayansa kawai muke gani da ƙofar tana girgiza, da murya daga waje tana cewa, “Yaya, buɗe. Yaya, ni ne.” Aka daɗe a haka. Na ce yanzu za a wuce wurin, ba a wuce ba. Fankar ɗakin na juyawa, gumi na zuba mini kamar na yi noma. A ƙarshe aka nuna Ila a wata tasha a ƙasa mai nisa, lokacin salla ya yi, ya ɗaga hannu ya toshe kunne, leɓensa na motsi, murya ba ta fita.

Kafin a kunna fitila wasu sun fice. Wani mai babbar riga ya miƙe yana faɗa da Faransanci yana nuna allo, wani ya jefa ledar ruwa, wasu kuma suka tafa. Ni ma na so in fita, amma na ci gaba da zama. Malam Yakubu ya san zancen Salisu, duk unguwa an sani, amma bai dube ni ba, ya cire tabarau yana ta gogewa.

A waje na tarar da mai fim ɗin a gindin bishiya shi kaɗai. Siriri ne, sunansa Mamman, takalminsa ya sha faci. Da fushi na nufe shi, ban ko yi sallama ba, Allah ya yafe mini. Na ce, “Kai Musulmi ne?”

Ya ce, “Alhamdu lillahi. Sannu da rana, ɗan'uwa. Daga Najeriya?”

Na ce, “Ka kwaso asirin mutanenmu ka kawo wa Turawa su yi dariya.”

Ya ce, “Ka ji wanda ya yi dariya a ciki?”

Ya matsa mini wuri a kan benci. Ya ba ni labarin yadda ya yi aikin: na'urar ɗaukar hoto aro ce, kwana goma sha uku kawai aka ba shi. Garinsu suka ƙi, gari na biyu suka kore su da suka ji labarin. Masallacin da muka gani bango ɗaya ne, su suka kwaɓa ƙasa suka gina a bayan wani ƙauye. Duk ƙasarsu ya rasa wanda zai fito a ladan, sai wani Bahaushen Kumasi ya samu.

Na ce, “Amma ai abin haramun ne.”

Ya ce, “Ban ce maka halal ba ne. Ni ba malami ba ne, hukunci yana wurin Mai hukunci. Ni ƙofa na nuna.”

Na ce, “Shi wan, me ya sa ba ka nuna fuskarsa ba?”

Ya ce, “Shi ma na rasa mai yi. Bayan da ka gani bayana ne. Ban sha wahalar koyo ba, na taɓa yi.”

Na ce, “Ina ƙanen naka?”

Ya ce, “Ya rasu a Abijan shekara uku ke nan. Waɗanda ba su san sunan ubanmu ba su suka yi masa sutura.” Ya dube ni da kyau, ya ce, “Naka fa?”

Ni kuwa ban taɓa gaya masa ina da ƙane ba. Na ce, “Yana nan da rai.”

Ya ce, “To ka fi ni arziki.”

Washegari aka kawo tuwon rana na kasa ci. Alhaji Bawa ya ce, “Yaro, ko miyar Mosi ce ba ta karɓe ka ba?” Na kwashe komai na gaya masa, abin da ban taɓa gaya wa kowa da bakina ba. Na ce ko na so komawa ba hali, na rantse da Allah.

Ya ce, “Wane malami ya ce ka riƙe wannan rantsuwar?”

Na ce, “Ban tambayi kowa ba.”

Ya ce, “Shekara shida kana sahun gaba?” Ya girgiza kai. “Ba a riƙe rantsuwar yanke zumunta. Karya ta ake yi, a yi kaffara. Ka ciyar da miskinai goma, in ba ka da hali ka yi azumi uku. Wannan ko matan gidan nan sun sani. Abin da ke tsakaninsa da Ubangijinsa ba kai aka ba ajiya ba. Uwarku aka ba ka ajiya. Sa hannu ka ci, tuwo na sanyi.”

A nan na gane ba rantsuwa ce ta riƙe ni ba. Tsoron idanun nan ne da na ji a ƙeyata, na sa masa rigar addini.

Hanyar dawowa ba ni da abin faɗa a kanta da yawa. Taya ta fashe mana kusa da Dosso, a boda kuwa da aka busa ƙaho ni na riga kowa tsayawa. Mun iso Suleja ranar Talata. Ranar Laraba bayan na sauke ma'aikata a Abuja, na juyo, na tsaya a Zuma. Karo na farko ke nan da na kashe mota a wurin.

Rumfar kwano ce da benci uku, tsaf-tsaf. Salisu na tsaye a kan tukunya, ya yi ƙiba kaɗan, furfura ta fara fito masa a gefen kai, shi da na goya. Ya gan ni tun ina fitowa daga mota. Ya ce, “Sannu da zuwa, Alhaji. Me za a zuba?” kamar yadda yake ce wa kowa.

Na ce, “Shinkafa da miya, kwano goma.” Na nuna masa leburorin da ke zaune a bakin titi da shebur da diga, waɗanda rana ta yi ba a ɗauke su aiki ba. Na je na kira goma a cikinsu. Ya zuba musu bai tambaye ni dalili ba. Da suka zauna na ce, “Sai ɗaya nawa.”

Ludayin ya tsaya a hannunsa. Ya ce, “Yaya, ka manta rantsuwarka.”

Na ce, “Ban manta ba. Kaffararta ce suke ci.”

Wani direban tirela da ke gefe ya ce, “Salisu, yayanka ne? Ashe kana da dangi?” Salisu ya ɗauki kwano ya zuba, ya kai hannu wurin yaji, sai ya fasa. Ya ce, “Har yanzu yana tayar maka da ƙwannafi?” Na ce har yanzu. Na zauna na ci. Miyar Inna ce sak, irin wadda take yi kafin idonta ya tafi. Na ce masa na zalunce shi, ya yafe mini. Bai ce ya yafe ba, kuma ban ga laifinsa ba. Ya ɗauko wani kwano mai murfi ya cika, ya ɗaure da ƙyalle, ya ce, “Ka kai mata.”

Na ce, “Ga mota. Ka kai da kanka.”

Ya ce, “Mutanen masallacinku fa?”

Na ce, “Ni zan tsaya a zaure.”

Ya ce, “Wancan karon ma a zaure ka tsaya.” Ya miƙa mini kwanon ya koma kan tukunyarsa.

Inna ta buɗe murfin, ta sunsuna, ba ta tambaye ni daga ina ba. Ta ce in kawo mata ruwan wanke hannu.

Labari ya riga ni isa unguwa. A sallar magariba wanda ke damana a sahu, abokina tun muna yara, ya janye ƙafarsa ya bar gurbi tsakaninmu. Na dubi gurbin, bai kai tafin hannu ba, amma na ji sanyinsa har cikin ƙashi. Haka na yi wa ɗan'uwana, da abin da ya fi haka. Wasu cikinku masu karanta wannan kuna cikin waɗanda suka janye. Ban riƙe ku ba, ni na koya muku.

Na sa dutse na tokare ƙofar zaure, na hana a rufe ta da rana. Alhamis ta wuce, Juma'a ta wuce. Ranar Asabar da hantsi ina wanke mota a ƙofar gida, na hango shi tafe a ƙasa daga bakin titi, da kwano a hannu, mutane na leƙowa daga shaguna. Na ajiye soso na je na tsaya a bakin zaure, na matsa gefe. Ya tsaya ya dubi dutsen da ke tokare da ƙofar, ya tuɓe takalmi.

Daga tsakar gida Inna ta ɗaga kai ta ce, “Wa ya shigo?”

Ya ce, “Inna, ni ne.”